Ranar da Aka Sace Teku a Tawa

Da hantsin wata Lahadi, cikin bazarar shekara ta uku da samun mulkin kai, aka sace teku daga zaurena. Na san yadda maganar take a kunne. Amma haka mutanen unguwarmu suka faɗe ta a ranar, haka kuma nake faɗinta har yau da haƙorana suka zube.

Tekun tana cikin bido ne, irin na ƙarfen nan da sojoji ke zuba mai. Mu uku muka ɗebo ta a bakin gaɓar Kwatano, can ƙasar Dahome: ni Attahir mai gyaran fitila da kwaɗo, da Hamisu direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da Ciɗo majemi. Kwana tara muna tafe da ita. Ran Asabar da yamma muka iso Tawa, na jingine ta a kusurwar zaure na rufa mata buhu. Da safe na leƙa kasuwa in sayo goro. Na dawo na tarar da buhun a ninke tsaf, an ɗora shi kan tabarma. Bido babu.

Abin da ya fi damuna shi ne, tekun ba tamu ba ce. Ta Yusufu ce.

Yusufu magini ne na rijiya, abokinmu na huɗu. Wata rana yana ƙasan rijiya, gaba talatin daga hasken rana, dagi ya fasa masa wani farin dutse, sai ga ƙwanso a ciki, irin na halittun ruwa, da zanensa da komai, amma ya zama dutse. Ni ya kawo wa, don an san ni da tara tarkace, kuma na yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, kafin a gane ba na jin lissafi. Muka kai wa Mushe Sani, malamin makaranta. Ya ce a da can, tun babu mutane, teku ce kwance a kan ƙasarmu ta Adar duka. Tun daga ranar Yusufu bai sake zama daidai ba. Shekara bakwai yana maganar zuwa ya ga ruwan da ya tashi ya bar mu da duwatsu.

Da Hamisu ya sami lodin fatu zuwa Kwatano, mai kaya ya yarda mu hau baya. Saura kwana goma mu tashi, bangon rijiya ya rufto wa Yusufu a wajen Bambeye. An fito da shi da rai, amma ƙafafunsa sun daina jin kira.

Ranar da muka je sallama ya riƙe hannuna ya ce, “Ku tahi ku kawo mini ita. Ba ni mutuwa sai na jiƙa dutsen ga cikin ruwan da ya haife shi.”

Mun dawo muka ji tun bayan tafiyarmu ya rage cin abinci, har ya koma ruwa kaɗai yake kurɓa. Hamisu ya je ya gaya masa mun iso. Yusufu ya ce kada a kawo ta a gaggauce, sai gobe da la’asar, bayan an yi masa aski ya sa farar riga. Ga shi hantsi ya yi, la’asar na tafe, hannunmu babu komai.

*

Kafin in gama salati unguwa ta cika zauren. Dama masu son ganin teku suna hanya, da suka ji an sace sai suka ƙara sauri. Har awakin unguwa sun dafe bakin ƙofa suna lasar ƙasa, ana kora suna dawowa.

“Ciɗo na!” in ji wani daga baya. “Ba shi ne ya so ya jefa ta a kogi ba?”

Hamisu ne ya ba da wannan labari a tasha daren jiya don a yi dariya, yanzu ya zama shaida. Ciɗo yana tsaye jikin bango. Aka tambayi Talatu mai fura, wadda rumfarta ke kallon ƙofata, ta rantse ba ta ga kowa ya shiga ba. Wani ya ce a kira jandarma.

Ana cikin haka na ji murya a bayana.

“Attahir, an ce an yi maka sata. Na ce to ba dai hankali ba, don na san gidan, babu shi.”

Illa ne, ɗan kawuna, taubashina, mutumin wajen Barmu. Gajere ne, idonsa ɗaya kullum yana hawaye. In raƙumi ya ɓace tsakanin Barmu da Tebaram, shi ake aika wa, ya bi sawu kwana uku a kan tsakuwa ya dawo da raƙumi, wani lokaci har da ɓarawon. Ranar ya shigo kasuwa ne ya sayi gishirin dabbobi, yana janye da wata tsohuwar tunkiya ramammiya.

Na ce, “Bawana, yau dai ka yi mini rana.”

Ya dubi ƙasan zauren, ya dubi taron, ya girgiza kai. “Sawun mutum ɗari da na akuya hamsin. Kun wanke allo sannan kunka ce in karanta.” Ya ɗaure tunkiyarsa, ya zauna kan tabarma, ya ɗaga buhun nan ya juya shi. “Wa ya ninke wanga?”

“Haka na tarar da shi.”

Ya mayar da shi yadda yake. “To. Tunda ƙasa ta yi shiru, ku sai ku yi magana. Kowa shi fita, a bar mini Ciɗo.”

*

Ni ban fita ba, zaurena ne.

“An ce ka so ka jefa kayan mutane a kogi,” in ji Illa.

“Na so,” in ji Ciɗo. “A gadar Gaya. Sai da Hamisu ya riƙe ni. Illa, ka taɓa ganin ruwa shina numfashi?”

“Ban taɓa ba.”

“To ni na gani. Ranar da munka isa, na tuɓe takalmina nesa da ruwa, na tsaya ina kallo. Babu wancan ƙetare, wallahi babu, sama ce kawai ta sauko ta kwanta. Sai ruwan ya miƙo hannu ya ɗauke mini takalmi ɗaya. Na haƙura. Muna shirin tashi, sai ga shi ya aje mini shi can gaba kaɗan, ya koma. Abin da ke ɗaukar takalmi shi maido, da rai gare shi. A mota duk dare ina jin shi cikin bido shina magana.”

“To wa ya shiga ya cika bidon?”

Ciɗo ya sunkuyar da kai. Ni na amsa. “Shi ne. Ni da Hamisu mun tsaya iya gwiwa. Ya ce ruwan bakin gaɓa duk yashi ne, ba a kai wa Yusufu gurɓatacce. Ya shiga har ƙirji yana kuka yana kiran sunan uwarsa.”

“Tare aka yi mana kaciya da Yusufu,” in ji Ciɗo. “Bukka ɗaya munka kwanta.”

Illa ya kama hannayen Ciɗo ya sunsuna. Warin bagaruwa da ɗanyar fata ne, sabo. “Tun asuba kana majema. Tahi ka zauna inuwa, kada ka faɗi.”

*

Hamisu ya shigo yana fifita da hularsa. Shi ba a tambayarsa sau biyu. Ya fara tun daga Ƙonni, ya bi ta Doso da Gaya, ya faɗi yadda bayan Paraku itatuwa suka rufe sama har Ciɗo ya ce an shiga ɗaki. Ya faɗi yadda bayan an sauke fatu muka bi hanyar gaɓa yamma, teku a hagunmu yini guda, kwakwa jere kamar an shuka su da igiya. Ya faɗi masunta talatin da muka tarar suna jan igiyar taru ɗaya suna waƙa, muka tuɓe riguna muka kama musu, suka ba mu kifi mai faɗin faifai, matansu suka gasa mana a kan yashi. Ya faɗi inda wani kogi ya zo ya shiga teku, ruwan biyu suna ture juna kamar raguna.

Illa ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, “Sawu fa? Yaya ƙasar wurin take riƙe sawu?”

Na ce, “Ba ta riƙewa. Yashin laushi gare shi, sawunka ya fito har zanen tafin ƙafa. Kafin ka waiwaya ruwa ya zo ya shafe. Na yi tafiya da baya ina kallo, ko ɗaya bai bar mini ba.”

Illa ya daɗe yana dubana. “Kullum?”

“Dare da rana.”

“Allah shi tsare ni da garin da ƙasa ba ta riƙe amana.” Ya juya ga Hamisu. “Ban da masu kallo, wa ya nemi a ba shi ruwan?”

Hamisu ya sosa ƙeya. “Mushe Sani ya zo jiya. Wai yana so ya nuna wa ƴan lakwal. Attahir ya hana.”

A bayan zaure, inda taro bai taka ba, Illa ya sami sawun keke. Tayar baya ta nutse sosai, alamar kaya mai nauyi. A unguwarmu mutum ɗaya ke da keke.

*

Mun tarar da Mushe Sani a tsakar gidansa da singileti, tsugune gaban wani ɗan faranti da ya aje a rana. Keken na jingine, da buhun gero ɗaure a bayansa, ko kwancewa bai yi ba.

“Ga nauyinka nan,” na ce wa Illa a hankali.

“Na gani. Mushe, mi ke cikin farantin?”

Malamin ya miƙe yana gyara tabarau. Mutumin Damagaram ne, mai kunya. “Ba sata na yi ba. Hamisu ne ya zuba mini cikin kwalbar tawada jiya, da Attahir ya shiga gida. Ku duba, don Allah ku duba abin mamaki. Ruwan ya tafi, ya bar wannan.”

A gindin farantin wani farin gari ne yana ƙyalli. Na tsuguna zan taɓa, sai na ji an bangaje ni. Tunkiyar Illa ce ta fizge igiya, ta kifa kai cikin farantin, ta lashe shi tas, ta bi ƙasan wurin tana lasa.

“Wayyo darasina na gobe!” in ji Mushe Sani.

Illa bai yi dariya ba. Ya tsaya kamar an kafa shi. “Gishiri na?”

“Gishiri ne mana. Shi ya sa ma bidonku yake yoyo. Da muka karkata shi jiya sai da gindinsa ya jiƙa mini wando. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe.”

Illa ya dafa kaina ya miƙar da ni. “Attahir, awakin ƙofarka sun fi ka ilimi, da lakwal ɗinka da komi. Tun safe suna faɗa mana, muna korarsu.”

*

Rana ta take tsaka da muka koma. Illa ya sa aka kore awakin, ya kawo tunkiyarsa bakin zaure ya sassauta igiya.

“Wata huɗu ba ta ga gishiri ba,” ya ce. “Shi na zo saye. Yau ke ce mai bin sawu, Hajiya, ni ɗan rakiya.”

Ta lashi bakin ƙofa. Ta ɗaga kai, ta yi taku biyar, ta lashi wani wuri da ni ban ga komai a kansa ba. Ta ƙara gaba. Haka muka bi ta, ni da Illa, ta lungun bayan masallaci, ta gefen kasuwa inda masu tabarmi ke zama. Mutane suna tsayawa suna kallon manyan maza biyu suna bin tunkiya da ladabi. A bakin rijiya ta rikice, don ƙasar duk a jiƙe take, mata da jakuna sun tattake ko’ina. Illa ya zaga da ita sau uku, zufa na zuba daga gemunsa. Can a gefen arewa ta sake kifa kai.

Da muka fita gari ƙasa ta fara yi wa Illa magana da kanta. Gonaki ne fayau, sai kututturan kara da jajayen duwatsu.

“Jaki na, ƙarami,” ya ce. “Bido a dama, wani abu mai nauyi a hagu don kaya su daidaita. Mai korar shi ba takalmi, taku gajere.” Ya yi gaba kaɗan ya tsaya. “Nan an tsaya. An juya jakin wajen gari. An sake juyowa.” Can gaba ya sake tsayawa. “Nan ma haka. Attahir, wanga ɓarawo bai son aikin da shi kai.”

Tunkiyar ta ja mu har wasu tsofaffin rumbuna uku na laka da aka daina zuba hatsi a ciki. Ta cusa kai ƙarƙashin na tsakiya, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Na kwanta rubda ciki na jawo. Bidonmu ne. An tsayar da shi a inuwa, an kare shi da kara, an liƙe inda yake yoyo da ƙaro da ƙyallen zane. Na girgiza shi. Saura kaɗan a gindi, amma akwai.

Na rungume shi ina hamdala. Illa kuwa yana tsugune gaban wani dutse da aka yar a gefe. Ɓangare ɗaya baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya juya shi. Ɗaya ɓangaren fari ne, da zanen ƙwanso a jikinsa.

Irin wannan dutse ba a tsintarsa a gona. Daga ƙasan rijiya yake fitowa, kuma gida ɗaya na sani a Tawa da ake tara shi.

Na buɗe baki. Illa ya ce, “Rufe. Ɗauki teku, ni in ɗauki dutse.”

A hanyar komawa ya tsaya rumfar Talatu ya sha fura. “Inna, kin ce ba ki ga kowa ba. Mace da jaki fa?”

“A’a, waɗannan ai masu ɗiban ruwa na, ɗan nan. Tun asuba suke wucewa. Wa ke kallonsu?”

*

La’asar ta same mu a gidan Yusufu. An fito da shi tsakar gida a kan gadon kara, an yi masa aski, ya sa farar riga. Ya rame har na ji tsoron dubansa. Dutsen ƙwansonsa yana cikin tafin hannunsa. Ciɗo da Hamisu da Mushe Sani suna zaune a tabarma, Talatu ta biyo mu, mutanen unguwa sun cika zaure suna leƙe. Asma’u matar Yusufu tana tsaye bakin madafa, ta harɗe hannu a ƙirji. Da ta ga bido a kafaɗata sai ta dafa bango.

Illa ya gaida maigida, ya tsaya tsakiya da dutsen a naɗe cikin rawaninsa.

“An ce Ciɗo na. Ciɗo tsoron ruwan ga shi kai, ko an ba shi kyauta bai kai shi gida. Wanda ya faɗi sunan shi, shi nemi gafara tai kafin magariba.” Aka yi gunaguni a zaure. “Mushe ya samu cikin kwalbar tawada, tunkiyata ta hukunta shi. Hamisu ya ba da abin da ba nashi ba, kuma bakin shi ya fi motar shi gudu, amma bai ɗauki bido ba. Attahir kuwa, da shi ya ɗauka, da ya manta inda ya aje.”

Aka yi dariya kaɗan. Yusufu bai yi ba.

“Wanda ya ɗauka ya ninke buhu kafin shi fita. Ya aje kayan a inuwa. Ya liƙe yoyo. Ni dai shekara talatin ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin mai ladabi haka ba.”

Ya taka zuwa madafa. Murhun gidan duwatsu biyu ne, da rami a toka inda na uku yake zama. Ba a hura wuta ba ranar. Illa ya kwance rawani, ya aje dutsen cikin ramin. Ya zauna daram, baƙin ɓangaren na kallon ƴan’uwansa.

Tunkiyar Illa tana gefen tsakar gida tana tuƙa.

“Ni ce,” in ji Asma’u.

Ba ta dubi kowa ba sai mijinta. “Malam, kai ka faɗa da bakinka, ba ka mutuwa sai ka jiƙa dutsen ga. Kullum sai ka faɗa. Ni kuwa kullum ina roƙon Allah motarsu ta daɗe a hanya. Jiya da Hamisu ya fita, ka sa na kira maka wanzami. Ka sa na fiddo farar riga. Ka aika a nemo maka gafarar maƙwabta. Ka faɗa mini wanda za a ba dagi da igiya. Su suna cewa baƙuwa kake shirin tarba. Ni da na shekara ashirin da shida a ɗakinka na san shirin tafiya in na gan shi.” Ta juyo gare mu. “Ku yafe mini, abokan Malam. Na so in tuntsurar da shi a gona. Na tuna Hamisu ya ce Ciɗo ya shiga har ƙirji, hannuna ya ƙi. Na ce in ɓoye, ko wata ɗaya ne shi ƙara yana jira.”

Ciɗo ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuwa bidon ya yi mini nauyi a kafaɗa fiye da ranar da yake cike. Kwana tara muna murna muna ɗauke da shi, babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da muke kawowa.

Yusufu ya ce, “A zuba mini.”

Babu wanda ya motsa. Asma’u ce da kanta ta ɗauko ƙwarya, ta karɓi bidon daga hannuna, ta tsiyaye shi. Bai kai rabin ƙwarya ba, ya yi ja da tsatsa. Ta durƙusa ta riƙe masa.

Ya saka dutsen a ciki. Ya zuba masa ido. Mu ma muka zuba. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya kara kunne a bakin ƙwaryar, ya daɗe.

“Ciɗo.”

“Na’am.”

“An ce ka ce tana numfashi.”

“Wallahi tana yi.”

“Hamisu, kai ka ce tun daga nesa ake jin rurinta. Attahir, an ce tana shafe sawu.” Ya ɗaga jajayen idanunsa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. “To ina? Wagga ko ƙuda ba ta korewa. Maza uku, da mota, kwana ashirin da wani abu, ku kawo mini ruwan wankin tukunya? Ta mutu a hanya, ba ku lura ba. Gawa kunka ɗauko.”

Ya tsamo dutsensa ya goge a farar rigar, tsatsa ta ɓata ta.

“Wanga bai jiƙu ba. Ban yarda ba. Hamisu, yaushe za ka koma?”

“Sai bayan kaka, in an tara fatu.”

“A bisa fatu ana iya shimfiɗa mutum?”

“Ana iyawa.”

Yusufu ya juya ga matarsa, wadda har yanzu take durƙushe da ƙwarya. “Ke kuma ɓarauniya, tunda an maido miki dutsenki, hura wuta ki dama mini kunu. Hanyar da nisa, ba a yin ta da yunwa.”

Asma’u ta aje ƙwaryar a ƙasa ta tashi da gudu. Kafin wani ya ankara, tunkiyar Illa ta shanye sauran tekun.

*

Bayan kaka muka koma, mu shida. Yusufu a kwance bisa fatu an yi masa rumfa da zana, Asma’u a gaba kusa da direba, Illa a can ƙuryar baya yana ta cewa shi rakiya kawai ya zo. Tunkiyar ya bar ta gida, ya ce ta riga ta sha rabonta. Bai sayar da ita ba har ta mutu don kanta.

Da hantsi muka isa bakin ruwa. Ni da Ciɗo muka saƙalo hannayen Yusufu a wuyanmu muka nufi gaɓa da shi, ƙafafunsa suna jan yashi, suna barin layi biyu a bayanmu. Illa yana biye, ya sunkuya yana kallon layin. Ruwa ya taho da rurinsa ya dake mu har cinya, ya koma. Muka waiwaya. Babu layi, babu sawunmu, yashi sumul.

Illa ya tuɓe hularsa. “Nan kam ba ni da aiki,” ya ce. Ya zauna a jiƙaƙƙen yashi yana dariya kamar yaro.

Yusufu ya sa muka zaunar da shi inda ruwa ke iso masa ƙugu. Ya buɗe tafin hannu, teku ta zo ta rufe dutsen, ta koma, ta sake zuwa. Asma’u tana tsaye a bayansa, ta riƙe wuyan rigarsa da hannu biyu kamar za a ƙwace mata shi. Na ga leɓenta yana motsi.

Can ya nuna inda ruwa ya haɗu da sama.

“Attahir, kai da ka yi lakwal. Bayan can mi ke akwai?”

Na ce ban sani ba, ba mu kai nan a karatu ba.

“To ba ni mutuwa sai na gano.”

Asma’u ta saki rigar. Ta share fuska da gefen mayafi.

“Alhamdu lillahi,” ta ce. “Wanga kam da nisa.”

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, yana zaune a ƙofar gida yana koya wa magina inda ruwa yake a ƙarƙashin Adar. Dutsen yana wurina yanzu, cikin gwangwanin da nake aje abubuwan da ba na so su ɓace. Duk wanda ya tambaye ni wa ya ba mu waɗannan shekaru, nakan ce Allah ne, ta hannun ɓarauniya ɗaya da tunkiya ɗaya, kuma har gobe ina yi musu addu’a su biyun.